Fitilar nan mai tada mutum daga barci, ga abin da na gani

Fitilar da nake magana 'yar caji ce, zagayayya, gabanta akwai agogo, bayanta 'yar sifika, a sama kuma maɓallai ne duk da rubutun Turanci. A wani shago cikin birnin Kano na saye ta, kuɗinta sun kusa kamo na ƙaramar waya mai maɓalli, kuma ba ta da wani suna sananne. Kamfanoni irin su Philips ne suka yi fice da irinta a Turai, inda lokacin sanyi a wasu garuruwan rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, tamu dai kwaikwayo ce 'yar China.

Za ka saita lokacin da kake son tashi, minti 30 kafin lokacin sai ta fara kawo haske kaɗan-kaɗan, ja mai duhu tukuna, ya koma ruwan ɗorawa, har ya yi fari tas, sannan ƙara ta biyo baya. Ni biyar da kwata na sa mata, don nan wajenmu ta Ringim da hunturu asuba kan kai biyar da rabi, gari duhu ƙirin ga iska na kaɗawa, kowa ya san yadda bargo ke riƙe mutum a wannan lokacin. Kuma gaskiya tana aiki. Sau da yawa kafin ƙarar ta tashi idona ya riga ya buɗe da kansa, ba irin tashin alam ɗin waya ba da mutum zai zabura gabansa na dukan uku-uku ya rasa gabas ya rasa yamma. Ba tsafi ba ne, fatar ido ba ta tare haske gaba ɗaya, jiki kuma yana da agogonsa na awa 24 wanda haske ke saitawa, in duhu ya yi ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin melatonin mai kawo barci, in haske ya shigo ta rage shi. A 2017 ma an ba wasu Amurkawa uku kyautar Nobel kan binciken wannan agogon, kuma a jikin 'yan ƙananan ƙudaje suka yi shi. Sai dai fa dole ta kasance kusa da gado tana kallon fuskarka. Ƙanina da ya are ta ya dawo yana cewa Yaya an cuce ka, ashe shi har kansa yake lulluɓewa, ta ina hasken zai shiga?

Amma ni inda ta fi yi mini rana da daddare ne, abin da mai shagon bai ma ambata ba. Tana da jan haske mai rauni da za ka bari a kunne. Da can in jaririyarmu ta farka, uwargida tocilar waya take haskawa, fari fat har cikin ido, yarinya ta wartsake, ni ma na wartsake, sai a kwashe awa guda ana jijjiga. Farin ƙwan sola da hasken waya suna da shuɗi da yawa a ciki, kuma shi ne ya fi danne melatonin. Yanzu da jan hasken nan za ta ga kan nono, ta ga zanin goyo, ta canza mata ba tare da ɗakin ya koma rana ba, ta gama su koma barci. Kar dai wani ya ɗauka zai kwanta da TikTok har ƙarfe ɗaya ya ce fitila za ta gyara masa, babba yana buƙatar aƙalla awa 7 kuma babu na'urar da za ta biya masa wannan bashin.

Wajen sauti kuwa rabi da rabi ne. Akwai kukan tsuntsaye, akwai teku, akwai ruwan sama wanda ko kusa bai yi kama da ruwa a kan kwano ba. Ranar da Inna ta ji tsuntsayen cewa ta yi, kai ɗan nan, zakaru nawa ne a gidan nan da za ka je birni ka sayo na roba? Ban da amsa. Wanda ya yi amfani shi ne wani shuuu irin na rediyon da ba ta kama tasha ba. Bayan gidanmu akwai gidan kallon ƙwallo, ƙarar janareta an saba da ita, abin da ke tada mutum shi ne ihun da ake ɓarkewa da shi kwatsam in an ci, to shuuu ɗin nan yana lulluɓe shi sosai. In da jariri a ɗakin a rage ƙarar can ƙasa, a nesanta ta da shi kamar mita 2, kunnen yaro ba na wasa ba ne.

Matsalarta babba batir. An ce mini kwana uku yake yi, ƙila in agogon kawai ka bari, amma ka kunna sauti da jan haske dare guda to da ƙyar take kai asuba, kuma in ta mutu lokacin gaba ɗaya yake gogewa ya koma 12:00, alam ɗin ma ya tafi, sai ka zauna ka sake saiti da maɓallan nan ƙanana. Lambobin agogon kuma shuɗi ne mai kashe ido, abin dariya a fitilar da aka yi don barci, sai da na manna musu baƙin salatif.

Wanda yake da sola ko babban fawa banki a gida zai more ta, wanda kuwa kullum sai ya kai shagon caji ya biya, gara ya nemi ƙaramin jan ƙwai ya bar wa ladan sauran aikin. In za ka saya, tun a shagon ka sa a saita lokaci a kashe ta gaba ɗaya a sake kunnawa a gabanka ka ga ko lokacin ya tsaya, kuma ka tambayi mai ramin mamori, don tawa bulutus kawai gare ta, ba halin sa kiran salla ko karatu ya zama shi ne alam.