Toradora a wurin masu tura fim na Maradi: abin da ke ciki, da abin dubawa kafin a biya

Idan ka je wurin masu tura fim a salula ka nemi anime, wato fim ɗin zane na Japan, na soyayyar ƴan makaranta, aka jero maka sunaye har da Toradora, ita ya kamata ka fara ɗauka. Kashi 25 ce, kowane kashi minti 24 ko kusa da haka. Kamfanin J.C.Staff na Japan ya yi ta, aka nuna daga Oktoba 2008 zuwa Maris 2009, kuma daga littattafai 10 na marubuciya Yuyuko Takemiya aka ɗauko labarin. Mai son kallo ba tare da ya san ƙarshe ba, ya yi hattara, don za a taɓo shi nan gaba.

Yara biyar ne ke riƙe da labarin, duka a aji na biyu na lise, wato babbar sakandare. Shekarar karatu a can Afrilu take somawa, ba Oktoba kamar tamu ba, shi ya sa hutun zafi yake faɗowa a tsakiyar fim. Riyuji yaro ne mai idanun ƴan daba, ya gaje su daga uban da bai sani ba, alhali shi ke girki da wanki da goge gida, don uwarsa aikin dare take yi. Taiga ba ta kai mita ɗaya da rabi ba, amma ajin gaba ɗaya tsoronta ake ji. Riyuji na son Minori, ƙawar Taiga. Taiga na son Kitamura, abokin Riyuji. Ta rubuta wa Kitamura wasiƙa, ta kuskure jaka ta saka a ta Riyuji, ta biyo dare da takobin itace don ta ƙwato, ashe ambulan ɗin ma babu komai ciki. Daga nan suka ƙulla cewa kowa zai taya ɗan'uwansa neman wanda yake so.

Mai karanta littattafan soyayya tun daga kashi na 2 zai gane inda aka dosa, kuma sunan fim ɗin ma bai ɓoye ba: tora damisa ce, wato Taiga, dora kuma daga sunan dodon macijin tatsuniya ne, wanda ke cikin sunan Riyuji. Gwanintar tana cikin yadda aka kai su can. Gaban Kitamura, Taiga ko loma ba ta iya kaiwa baki da kyau. Gaban Minori, Riyuji in'ina yake yi. Kowannensu hoton da ya zana a ransa yake so. Amma tsakaninsu su biyu babu kwalliya: yana dafa mata abinci, yana share mata ɗaki, ya san ranar da ba ta ci ba. Fim ɗin ya tsaya a kan cewa wanda ya san yunwarka shi ya san ka, kuma ya yi haƙurin nuna wannan sannu a hankali cikin kashi ashirin da wani abu.

Akwai wani abu da Bahaushe zai kama da wuri fiye da Bature. A Japan ba a kiran wanda ba na jiki ba da sunansa na yanka, da sunan gidansu ake kiransa. Mu da muka san alkunyar sunan miji da na ɗan fari, mun san nauyin suna a baki. A ƙarshen kashi na 2 Riyuji ya daina cewa Aisaka, sunan gidansu, ya ce Taiga, Minori kuwa sunan gidansu, Kushieda, yake ci gaba da ce mata. Wannan kaɗai ya isa amsa.

Minori ce mafi wuyar fahimta, kuma a ganinmu ita aka fi rubutawa da kyau. Barkwancinta mayafi ne. A hutun da suka yi bakin teku ta ce ta yarda akwai fatalwa amma ba ta taɓa gani ba, soyayya take nufi. A kashi na 19, daren Kirsimeti, ta hango Taiga a kan titi tana kuka tana kiran Riyuji, sai ta je ta rufe masa baki tun bai furta komai ba. Tana son shi, ta bar wa ƙawarta, kuma fim ɗin bai yaba mata ba, ya nuna yadda wannan sadaukarwa ta jikkata su ukun. Ami, ta biyar ɗinsu, mai tallata kayan sawa a hotuna da ta shigo a kashi na 5, ita ke ganin komai tana faɗi a dunƙule. Aibin fim ɗin na farko Kitamura ne, shi ne mafi rauni a rubutu, soyayyarsa da shugabar ɗalibai a kashi na 15 da 16 ta zo da gaggawa.

Aibi na biyu shi ne dukan da Taiga ke yi wa Riyuji a farkon labari da kiransa kare, an maida shi abin dariya fiye da kima. Na uku, kashi biyun ƙarshe an cusa musu abin da ya ishi kashi huɗu: gudu daga gida, maganar aure, sulhu da kakanni, tafiyar Taiga wurin uwarta. Iyaye kuma su sani, daga kashi na 7 zuwa na 10 akwai kayan wanka na ninƙaya, akwai sumba a ƙarshe, kuma budurwa na shiga gidan saurayi kullum babu mai tsawatarwa. Ba kallon yaran firamare ba ne.

Sai maganar kwafi, don nan ake asarar kuɗi. Maradi tana kusa da iyaka, fayilolin da ke shigowa ta Katsina da Kano fassarar Ingilishi gare su, ɗan lise kuwa wadda aka rubuta VOSTFR a sunanta zai nema, wato muryar Japananci da rubutun Faransanci. Ka tambaya tun ba a soma turawa ba. In fayil ɗin mkv ne, sau da yawa rubutun ba a manne yake da hoto ba, manhajar da ta zo da salula ba ta nuna shi, sai an buɗe da VLC ko MX Player an kunna shi. In ka ga x265 ko 10bit a sunan, ƙananan wayoyi suna sarƙewa, murya na tafiya hoto ya tsaya ko ya yi kore. Ka ce a ba ka x264. Mai 480p ya wadatar a fuskar salula, dukan 25 ɗin galibi ba sa wuce giga 2 zuwa 3, mai 720p kuwa yakan kai giga 5. Katin memuwar mai giga 32 zuwa ƙasa yawanci ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, don haka kada a dunƙule su a zip, a tura ɗaya-ɗaya.

Ka duba lambobi. In an rubuta 1, 2, 3 maimakon 01, 02, 03, wasu wayoyi na jera 10 bayan 1, mutum ya tsinci kansa a tsakiyar labari. Fayil na 26 ƙarin kashi ne na 2011 a kan gasar abincin makaranta, ba ci gaba ba ne. Kafin ka bar runfar, buɗe kashi na 25 ka ja shi zuwa ƙarshe. Masu rage nauyin fayil sukan yanke waƙar rufewa, kuma bayanta ne Taiga take dawowa ranar kammala makaranta, Riyuji ya same ta ɓoye cikin kabad ɗin aji ya faɗa mata kalmar da ta daɗe tana jira. In fayil ɗin bai kai minti 23 ba, ka ce a sake maka wani.