'Yar motar Brabham BT19 da na yi oda ta iso

Jiya dai ta iso bayan sati uku ina jira, 'yar ƙaramar motar ado ce ta ƙarfe, irin wadda Jack Brabham ya ci gasar tseren motoci ta Formula 1 da ita a 1966. Mutumin Ostareliya ne, ya ci kofi a 1959 da 1960 yana tuƙa wa ƙungiyar Cooper, sai ya ce shi ma bari ya buɗe tashi ƙungiyar, shi da injiniya Ron Tauranac, to BT ɗin nan farkon sunayensu ne. Yana da shekara 40 ya ci gasar da motar da ke ɗauke da sunansa, har yau babu wanda ya maimaita wannan.

Fentin kam ya yi, koren nan mai duhu da ruwan gwal a hanci, har bututan injin Repco ɗin sun fito tsaf. Amma fa taya ɗaya ta gaba a karkace ta zo, kwalin ma ya lotse, na tura wa mai shagon hoto har yanzu shiru kake ji. Kuma ba ta wasan yara ba ce, ƙanena ya taɓa madubin kawai ya ɓalle, sai da na sa gam.