Ra'ayina kan kamfanin da ya duba mana wuta da iska a tashar famfon ruwan ƙazanta

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su, ɗayan da na riƙe kuwa akwai dalili, zan zo kansa.

Aikinsu dai shi ne su zagaya tasha su zana taswira, su ce nan gas zai iya taruwa har ya kama da wuta, can kuma ba matsala, sannan su faɗa maka irin kayan wutar da za ka iya sawa a kowane wuri. Wasu gani suke ai ruwa ne, me zai ci wuta a cikin ruwa? To ƙazanta in ta ruɓe gas ɗin metan take fitarwa, shi ko daga kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iska tartsatsi ɗaya daga makunni ya isa. Ga gas ɗin H2S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya fi iska nauyi sai ya kwanta can ƙasa, in ya kai wajen ppm 100 (kashi 100 cikin miliyan na iska) ma hancinka ya daina jin sa. Balle ranar da wani ya tuttular da fetur a magudana ya biyo ruwa ya iso maka.

Da NFPA 820 suka yi aiki, ƙa'idar Amurka ce ta kariyar gobara a irin waɗannan wurare, kuma gaskiya sun san ta ciki da bai. Rijiyar da ruwan ke taruwa Kilas 1 Dibishin 1 ce, wato wurin da gas mai kama wuta zai iya taruwa ko da komai na tafiya daidai, amma in fanka na sauya iskarta sau 12 a awa ba tsayawa sai ta sauko Dibishin 2, inda gas ba ya taruwa sai an samu matsala. Busasshen ɗakin famfo na ƙarƙashin ƙasa kuwa Dibishin 2 ne, in ana sauya iskarsa sau 6 a awa dare da rana sai ya fita daga lissafin haɗari kwata-kwata.

Inda suka burge ni kenan, don ba su rubuta lambar a takarda sun kama gabansu ba. Injiniyan ya nace cewa wannan sassauci a wuyan fanka yake rataye, ta tsaya ya tafi, saboda haka na'urar da suka sa motsin iska take ji a cikin bututu ba jujjuyawar injin fanka ba, ai bel na iya tsinkewa injin na ta gudu a banza kai kana zaton lafiya lau. Suka haɗa ta da ƙararrawa, suka ɗora fankar kan janareta. Rijiyar kuma suka ce mu bar ta a Dibishin 1 abinta mu sayi kaya masu jure fashewa, don sau 12 ɗin nan wuta yake sha ga kwaso wari ya watsa wa maƙwabta. Wallahi shawara ce ta mutunci. Bututan da wayoyi ke bi ma duk sun toshe su kar gas ya lallaɓa ya shiga akwatin wuta.

To ga ƙorafina. Maƙalan bututun iska na ƙarfe mai rufin zinki suka sa a bakin rijiya, alhali H2S da laima in sun haɗu asid suke zama, ba a je ko'ina ba tsatsa ta fara ci. Sun canza da sitenles, ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, amma sai da aka yi ta kiran waya. Sannan ba wanda ya zaunar da ma'aikata ya gaya musu taswirar nan maganar gobara take, ba lasisin shiga rijiya ba ce. Ko fanka na aiki sai an zura mitar gas tukuna, in oksijin ya gaza kashi 19.5 cikin 100 ba mai sauka. In za ka ɗauke su ka sa horon ma'aikata da gwajin mita a cikin kwangila tun farko, don su da kansu ba za su tayar da zancen ba.