Gargaɗi ga Jama'ar Kaduna Kan Masu Tara Kuɗin "Gem ɗin Hausa"

Assalamu alaikum. Samarin da ke zaman gidajen gem a Kawo, Tudun Wada da Rigasa, da iyayensu, don Allah a kula. Akwai wasu da ke yaɗa wani gajeren bidiyo a WhatsApp da TikTok, na mahaya dawakai da lifidi suna kai farmaki bakin ganuwa. Suna cewa wasan bidiyo ne na tarihin Zazzau suke haɗawa, kuɗi kawai ya rage. Wai ka tura naira 5,000 a sa sunanka cikin gem ɗin, ka tura 50,000 ka zama mai hannun jari, duk wata a riƙa turo maka riba. Lambar asusun da suke bayarwa ta mutum ɗaya ce, ba ta kamfani ba. Kada kowa ya tura musu ko kwabo.

Tara kuɗi daga jama'a don haɗa gem abu ne da ake yi a duniya, kuma da shi suke fakewa. Shafin Kickstarter na Amurka ya fara aiki a 2009. A 2012 kamfanin Double Fine ya nemi dala 400,000 a can, jama'a suka tara masa sama da dala miliyan 3, gem ɗin ya fito. Hollow Knight, wanda wasu 'yan Ostareliya suka haɗa, ta wannan hanya ya samu kuɗin farko a 2014, ya fito a 2017. To amma ku duba tsarin. A Kickstarter sai an cika adadin da aka nema kafin wa'adi ya ƙare sannan a cire kuɗi daga katinka. Idan bai cika ba, ba a taɓa komai. Kuma dokar shafin ta hana a yi wa mai tallafi alkawarin hannun jari ko riba. Abin da za ka samu shi ne gem ɗin idan ya kammala, wataƙila da riga ko sunanka a jerin godiya. Shi ke nan.

Ko masu niyyar gaskiya ma suna faɗuwa. An tara wa gem ɗin Yogventures sama da dala 500,000 a 2012, aka soke aikin a 2014. Gem ɗin Star Citizen tun 2012 yake karɓar kuɗi, ya haura dala miliyan 700, aka shafe fiye da shekara goma ba a fitar da cikakken gem ɗin ba. Waɗannan fa suna da ma'aikata da sunaye sanannu. Idan haka abin yake a wurinsu, wanda bai nuna maka ko fuskarsa ba, da me zai tabbatar maka da riba duk wata?

Nan ne maganar take. Gem ɗin da ba a gama ba, ba a sayar wa kowa ba, ribarsa daga ina za ta fito? Babu inda za ta fito sai aljihun wanda ya shigo bayanka. Shi ya sa suke matsa maka ka kawo abokai biyu. Mun ga wannan a MMM a ƙarshen 2016, mun sake gani a CBEX a 2025, riga kawai aka sauya. Tun 2021 hukumar SEC, mai kula da harkar hannun jari a Najeriya, ta fitar da ƙa'ida cewa tara jari daga jama'a ta intanet sai ta hannun dandalin da ta yi wa rajista. Ka tambaye su rajistarsu, za ka ga sun koma yi maka wa'azin kishin Arewa.

Bidiyon kuma kada ya ruɗe ku. Manhajar Unreal Engine, wadda ake haɗa gem da ita, kyauta ake sauke ta, ana kuma sayar da dawakai da gine-gine da mayaƙa haɗaɗɗu a intanet, wasu ma kyauta. Yaro mai kwamfuta mai ƙarfi zai jera su ya fitar da tallar minti ɗaya cikin 'yan kwanaki, balle yanzu da AI ke zana komai. Talla daban, gem daban. Bayar da kuɗi a kan talla kaɗai cinikin biri a sama ne. Ka ce a ba ka gwajin da za ka sa a wayarka ko kwamfutarka ka buga da hannunka, ko na minti goma ne. Ka tambayi wa ke rubuta manhajar, wane gem ya taɓa gamawa komai ƙanƙantarsa, kuɗin da za a tara nawa ne kuma a me za a kashe shi. Ka duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka ga ko ya yi daidai da sunan da ke kan asusun. Mai aikin gaskiya yana murna da irin waɗannan tambayoyi. Waɗannan kuwa, wanda ya tambaya sai su cire shi daga guruf.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne inda suka kama mu. Kowa a cikinmu yana son ranar da zai ga Sarauniya Amina ko Turunku a gem, ya ji ana magana da Hausa. Akwai kuma matasa a garin nan da ke koyon wannan aiki tsakani da Allah, ga tsadar data ga rashin wuta. Gobe idan suka fito neman tallafi, waɗannan ɓarayi sun riga sun ɓata musu suna.

Wanda ya riga ya tura, kada kunya ta hana shi magana. Ya adana rasit da hotunan hirarsu kafin su goge, ya je bankinsa yau ya shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ya kai ƙara ofishin EFCC na shiyyar Kaduna. Idan kuma wani ya kira ya ce a biya kuɗin fito kafin a maido da naka, su ne dai suka dawo ta wata ƙofa.