Shagon da na koyi aikin wayarin a Wudil

Tun da samarin ƙauyenmu suka ga na fara karɓar aikin wayarin, wato haɗa wayoyin lantarki a gini, da kaina, kusan kullum sai an tare ni a bakin masallaci ana tambaya: wannan shagon da ka zauna a Wudil, mu je ko kada mu je? Shekara uku na yi a wurin, daga bayan girbin 2019 zuwa ƙarshen 2022, don haka ina da bakin magana.

Shago ne ƙarami, ɗaki ɗaya da rumfar kwano a gaba. Baba ne ya kai ni wata Juma'a da ya je kasuwar shanu, ya damƙa ni a hannun mai shagon ya ce, "Ga amana nan." Wata huɗu na farko ban taɓa waya ba. Aikina ɗaukar tsani, fasa bango da guduma da cizal, binne faif, sai share ƙura. Har kuka na yi a ɓoye, ina ganin leburanci aka kawo ni. Sai daga baya na gane cewa wanda bai iya jan faif a miƙe ba, ranar zura waya zai sha wuya, don a kowace kwana sai ta maƙale.

Inda Maigida ya fi ƙarfi shi ne sanin kaya. Idan muka shiga Sabon Gari a Kano sayen waya, ba ya duba kwali. Wuƙa yake sa wa ya kankare bakin wayar: in ja ce har ciki, tagulla ce, in fari ya leƙo, alminiyon ne aka shafa wa jan launi, sai ya ajiye ya yi gaba. A wurinsa na riƙe cewa waya mai kaurin 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, abin da ke jan wuta da yawa kamar hita ko na'urar sanyaya ɗaki kuma a ja masa layinsa daban da mai kauri. Kuma bai taɓa barin gida ba tare da ya kafa sandar tagulla a ƙasa ya ɗaura mata waya ba, ko da mai gidan yana ƙorafin kuɗi. Na ga ya haƙura da aiki sukutum a kan wannan.

Sau ɗaya ya daka mini tsawa a gaban mutane. Na kashe babban makunni, na miƙa hannu zan kama waya ban gwada ba. Ya buge hannuna ya ce, "Kai yaro, wa ya ce maka ta mutu?" Da aka sa mitar gwaji, da wuta a jikinta, ashe janareton gidan ne ke maido ta ta baya saboda wanda ya haɗa shi bai sa makunnin canjin layi ba. Har gobe ba na taɓa waya sai na gwada, ko ni na kashe da hannuna.

To, amma akwai inda shagon ya gaza, kuma gazawar ta ci mini lokaci. Babu lissafi ko kaɗan. Komai da ido ake yi da sabo. Sai da na bar wurin wani malamin makarantar fasaha ya zaunar da ni ya nuna mini cewa hita mai wat 2,000 a kan wutarmu ta bolt 230 tana jan kusan amf 9, kuma da wannan lissafin ake zaɓen waya da bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa. Abin da za a koya wa mutum cikin mako biyu ne, na yi shekara uku ban sani ba.

Sai maganar takarda. Maigida yakan ce hannu ne shaida. A ƙauye haka ne. Amma ranar da na nemi aikin wayarin wasu ajujuwa, tambayar farko da ɗan kwangilar ya yi mini ita ce takardata, na tsaya ina sosa ƙeya. Babu wanda ya taɓa gaya mini a shagon cewa Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a, daga mataki na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, ko cewa hukumar NEMSA ce ke tantance masu aikin wayarin ta ba su shaidar ƙwarewa. Da na sani, da na zauna gwajin mataki na uku tun ina shagon. Wanda ya fito daga kwalejin fasaha da sakamakon NABTEB, hukumar jarrabawar makarantun fasaha, ya riga ni a nan, ko da na fi shi iya riƙe filaya.

Kuɗi kuwa, na abinci ne kawai da ɗan abin sabulu, sai a shekara ta uku ya fara yanka mini wani abu a kowane aiki. Aikin sola ma kaɗan muka taɓa, alhali yanzu a ƙauyukanmu da wutar KEDCO, kamfanin rarraba lantarki na Kano, ba ta zama, shi ne ya fi kawo ciniki, daga famfon burtsatse zuwa shagon cajin waya.

Duk da haka ƙanena zai tafi can bayan sallah. Na riga na je na gaida Maigida, na roƙe shi ya riƙa sakin yaron da yamma kwana biyu a mako don ya je koyon lissafin, ya ce ya amince. Ni kuma ina da mataki na uku a hannu, ina tara kuɗin na biyu.