Gargaɗi Kan Masu Sayar da Tsofaffin Gilasan Kyamara na Jabu ta Intanet

Na rubuta wannan gargaɗi ne domin masu ɗaukar hoto da suka fara sha'awar ɗora tsofaffin gilasan kyamarar fim, waɗanda ake saita su da hannu, a kan kyamarorin zamani. Sha'awar tana da tushe mai kyau, domin gilasan da aka ƙera a Jamus da Japan da Tarayyar Sobiyet shekaru hamsin ko sittin da suka wuce suna fitar da hoto mai wani irin laushi da launi da ba kasafai ake samu a sababbi ba, kuma da yawansu ƙarfe ne da gilashi zalla, babu na'urar lantarki a ciki da za ta lalace. Sai dai wannan kasuwa ta jawo 'yan damfara, kuma ni kaina na faɗa hannun ɗaya daga cikinsu. Ba zan ambaci sunansa ba, domin sunan da ya yi amfani da shi na aro ne kuma ya riga ya canza shi. Abin da zai amfani mai karatu shi ne sanin yadda yake aiki.

Tallan da ya saka ya ce yana da gilashin Carl Zeiss Jena Biotar mai milimita 58 da ƙofar haske f/2, wanda ya ce ya gada daga wani ɗan uwansa mai sana'ar hoto, kuma shi bai san kan kayan ba, so yake kawai ya rabu da su. Hotunan tallan an ɗauke su ne daga gaba da gefe, a wuri mai ƙarancin haske, babu ko ɗaya da ya nuna bayan gilashin. Da na yi masa magana sai ya nemi mu koma hira ta keɓe, ya ce idan na tura kuɗin kai tsaye ba ta shafin cinikin ba zai rage mini abin da shafin ke cirewa, sannan ya ƙara da cewa wani ya riga ya taya, don haka in hanzarta. Ya kuma yi alkawarin haɗo mini da adafta kyauta, wato zoben da ke haɗa gilashi da kyamarar da ba a ƙera shi dominta ba, wadda a faɗarsa take shiga kowace kyamara kuma take sa tsohon gilashi ya riƙa saita kansa. Na san ba a cinikin biri a sama, amma kwaɗayin sunan da ke jikin gilashin ya rinjaye ni, na tura.

Kaya sun iso, kuma da farko na yi murna, domin zoben gaba yana ɗauke da sunan da aka yi mini alkawari. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne wani siririn zobe da aka murɗa a bayansa. Da na kwance shi sai na ga asalin bakin gilashin mai faɗin milimita 39 ne, an ƙara masa zoben ne domin ya zama M42, wato baki mai murɗawa mai faɗin milimita 42. Na kai wa wani tsohon mai gyaran kyamara, bai ɗauki minti biyar yana dubawa ba ya ce wannan Helios-44 ne na farko-farko, mai farin jiki, gilashin Tarayyar Sobiyet irin wanda aka yi wa kyamarorin Zenit, an cire masa zoben sunansa an sa wani. Ya nuna mini yadda zurfin haruffan bai daidaita ba, da yadda fentin cikinsu ya yi sabunta fiye da sauran jikin.

Ya kamata a fahimci abin da ya sa wannan ha'inci yake da sauƙi. Helios-44 an gina shi ne a kan tsarin Biotar ɗin kansa, tsawonsu ɗaya, ƙofar haskensu ɗaya, kuma dukansu suna fitar da wannan juyawar da bayan hoto ke yi kamar guguwa, wadda ita ce mutane da yawa ke nema. An fara ƙera shi a ƙarshen shekarun 1950, aka ci gaba da fitar da miliyoyinsa a masana'antun Krasnogorsk da Valdai da Minsk, shi ya sa har yau yake ko'ina kuma yake da araha, alhali Biotar na asali bai kai shi yawa ba. Saboda haka ko mai saye ya ɗora shi a kyamara ya gwada, hoton ba zai tona asirin ba nan take. Bambancin da ake biya kuɗi a kansa yana kan wani ɗan zobe ne da ake iya kwancewa da hannu ko da guntun roba. Irin wannan aiki daɗaɗɗe ne a wannan kasuwa: an sha sake wa kyamarorin FED da Zorki na Sobiyet rubutu a sayar da su a matsayin Leica ta Jamus, an sha sayar da gilasan Sobiyet da sunan na Jamus, Industar-22 da sunan Elmar, da Jupiter-8 ko Jupiter-3 da sunan Sonnar. Har a cikin dangin Helios ma ana ɗaukar zoben 44M-7, wanda ake ganin ya fi sauran kaifin hoto, a ɗora a kan 44M-4. Ina so a lura cewa Helios gilashi ne mai kyau, kuma da an sayar mini da shi da sunansa da ban yi ƙorafi ba. Laifin shi ne ƙaryar da aka yi a kansa da kuɗin da aka karɓa saboda ƙaryar.

Maganar adafta ita ce ta fi ba ni takaici, domin ita ce ta fi cutar da sababbin shiga, kuma ilimin da zai kare mutum daga gare ta bai da yawa. Kowane gilashi an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara takamaimai daga fim ko daga sensar kyamara, wato fallen da ke karɓar hoto a kyamarar zamani, kuma idan bai zauna daidai a wannan tazara ba, ba zai iya fitar da abin da ke can nesa tas ba. Tazarar M42 milimita 45.46 ce, ta Nikon F 46.5, ta Canon EF 44, ta tsohon Canon FD 42, ta Minolta MD 43.5. Kyamarori marasa madubi kuwa tasu gajeriya ce ƙwarai: Sony E milimita 18, Fujifilm X 17.7, Nikon Z 16, Canon RF 20. Adafta ta gaskiya bututun ƙarfe ce kawai da ke cike giɓin da ke tsakani. Idan za a ɗora gilashin M42 a kan Sony E, kaurinta zai kai kusan milimita 27 da rabi, shi ke nan aikinta. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin gilasai suka farfaɗo tun da kyamarori marasa madubi suka yaɗu.

Amma idan tazarar gilashin ta fi ta kyamarar gajarta, babu wurin da adafta za ta shiga. Gilashin Canon FD, wanda kamfanin ya fito da shi a 1971 kuma ya maye gurbinsa da EF a 1987, yana bukatar ya matso da milimita biyu cikin kyamarar EF, abin da ba zai yiwu ba. Haka gilashin M42 a kan Nikon F yake tsayawa nesa da wurinsa da kusan milimita ɗaya. A irin wannan hali ko dai mutum ya haƙura da ɗaukar abin da ke kusa kaɗai, ko kuma ya sa adafta mai ƙarin fallen gilashi a ciki, wadda take ƙara wa hoton kusanto, take rage haske, kuma idan mai araha ce take dusashe hoton sosai, musamman in an buɗe ƙofar haske gaba ɗaya. Duk wanda ya ce yana da adafta ɗaya mai shiga kowace kyamara kuma mai karɓar kowane gilashi, ƙarya yake yi, domin kowace adafta baki biyu gare ta, ɗaya na gilashi ɗaya na kyamara, kuma kowane baki na iri ɗaya ne.

Wadda aka aiko mini zobe ce ta M42 zuwa Canon EF da aka manna wa ɗan guntun na'ura a baya. Aikin wannan guntu shi ne ya sa kyamara ta yi ƙara ko ta kunna alama idan mutum ya juya zoben saiti da hannunsa ya kai daidai, ba ya motsa komai. Akwai adaftoci na gaske masu ƙaramin inji da ke tura gilashin gaba da baya, amma an yi su ne domin wasu kyamarori marasa madubi kaɗai, suna da iyakar nauyin da suke ɗauka, kuma ba abin da ake bayarwa kyauta ba ne. Guntun da ke jikin tawa ma da ɗan gam aka liƙa shi, ya karkace, kuma mai gyaran ya hana ni ɗora ta domin in ya ɓalle zai iya lanƙwasa ƙananan filolin da ke bakin kyamarar.

A nan zan ɗan tsaya kan haɗarin da ke kan kyamarar kanta, wanda mai sayarwa na gaskiya zai faɗa, ɗan damfara kuwa ba ruwansa. Gilasan Nikon da aka yi kafin 1977, waɗanda ba a yi musu gyaran da ake kira AI ba, suna iya danne ko karya ɗan harshen da ke bakin wasu kyamarorin Nikon. Wasu gilasan Ricoh masu bakin K suna da wani ɗan fil da ke faɗawa cikin ramin injin saiti na kyamarorin Pentax, gilashin ya maƙale ya ƙi fita. Wasu gilasan M42 kuma bayansu yana shiga ciki sosai har madubin kyamara mai babbar sensa, irin Canon 5D, ya doke shi. Kalmar da mai tallan ya rubuta cewa adaftarsa tana shiga kowace kyamara tana iya jawo wa mutum asarar da ta fi kuɗin gilashin nesa ba kusa ba.

Sai kuma lafiyar gilashin. Da mai gyaran ya haska tocila ta bayansa ya ce in leƙa ta gaba, na ga wani tabo mai rassa kamar saƙar gizo a ɗaya daga cikin fallayen ciki. Fumfuna ce ta taɓa kama shi, aka goge, amma ta riga ta cinye rufin da ke kan gilashin, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ban da fumfuna akwai hazo da ke taruwa a ciki daga tururin tsohon giris, akwai rabuwar fallaye biyu da aka manne da ƙaro, wadda take bayyana a gefe da launin bakan gizo, akwai kuma mai da ke malalowa kan ganyayyakin ƙofar haske ya sa su nauyin rufewa. Duk waɗannan ba sa fitowa a hoton da aka ɗauka daga gaba cikin duhu, shi ya sa suke ɗaukarsa haka. Ƙura 'yar kaɗan a cikin tsohon gilashi ba komai ba ce, haka ma launin rawaya da ke bayyana a wasu Super-Takumar masu milimita 50 da f/1.4, wanda sinadarin toriyam da ke cikin gilashin ke haifarwa kuma yake raguwa idan an shanya shi a haske mai ƙarfi na kwanaki. Mai gaskiya yakan faɗi waɗannan tun ba a tambaye shi ba.

Da na koma masa da hotunan abin da na gani, ya fara da cewa ai haka tsohon gilashi yake, wannan dusashewar ita ce armashinsa, kuma masu sani ita suke nema. Da na kawo maganar zoben suna sai ya ce haka ya gaje shi. Bayan kwana biyu ya toshe ni. Shafin cinikin ya ce ba shi da hurumi tunda ba ta hannunsa kuɗin ya bi ba, kuma ba zan ga laifinsu ba, domin sun rubuta hakan ƙarara a sharuɗɗansu. Ba a yi wata guda ba na sake ganin hotunan nan, da labarin gadon nan, da alkawarin adaftar nan, a ƙarƙashin wani suna dabam, wanda ya tabbatar mini cewa sana'a ce ba tsautsayi ba.

Kafin kowa ya biya kuɗin tsohon gilashi, ya nemi a ɗauko masa hoton bayansa babu murfi, da hoton lambar da ke jikinsa, da hoton cikinsa ana haska tocila ta ɗaya ɓangaren, da ɗan gajeren bidiyo da ake juya zoben saiti daga farko zuwa ƙarshe ana kuma buɗe ƙofar haske ana rufewa. Ya ce a ajiye takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a gefen gilashin, domin wanda ya sato hotunan daga wani wuri ba zai iya yin wannan ba. Ya kwatanta siffar jikin da bakin da salon rubutun da hotunan gilasan asali, kada ya tsaya ga sunan da ke gaba. Ya duba tazarar gilashin da ta kyamararsa da kansa kafin ya yarda da maganar adafta. Idan an rubuta cewa ba a gwada ba, ya ɗauka akwai aibi ya yi tayinsa a kan haka. Kuɗi kuma kada su fita ta wata hanya sai wadda ake iya dawo da su idan kaya sun saɓa wa abin da aka faɗa, komai rangwamen da aka yi masa.

Wanda ya riga ya biya, ya adana hirar gaba ɗaya da hotunan tallan da shaidar tura kuɗi tun kafin a goge su, ya ɗauki bidiyo yayin buɗe kunshin idan bai buɗe ba tukuna, sannan ya kai ƙara ga shafin da kuma bankinsa a ranar, ko da yana ganin kuɗin ba za su dawo ba. Nawa ba su dawo ba, amma ƙarar da na shigar ta biyu, wadda na haɗa da hotunan tallan farko da na biyu gefe da gefe, ta sa an rufe sabon asusun nasa cikin 'yan kwanaki.