Takwim a Jidda: na biya kuɗin "sauri", ga abin da na gani

Wata 14 kenan da saka min takwim, wato ƙarfen gyaran haƙori, a wani mustausaf (ƙaramin asibiti) nan Jidda, kuma ƴan uwa sun ishe ni da tambaya kan maganar saurin nan, wato hanyoyin da na biya don haƙoran su matsa da wuri, to bari in faɗa kowa ya huta.

Tun ranar farko duktura ta ce min in sa rai da wata 18 zuwa 24, don an cire min haƙora biyu na sama sai an ja na gaba sun cike gurbin, shi kuma haƙori abin da yake matsawa a wata wajen milimita 1 ne kacal, ƙashi na narkewa ta gefen da ake ja sabo na fitowa ta baya. Ni kuwa ga biki a gabana. Nan take ta zano min hanyoyi biyu, na rufe ido na karɓa duka.

Ta farko huda ce. Allurar kashe wuri, sai ta ɗauko wani siririn ƙarfe kamar ƴar ƙusa ta huda dasashi har ƙashi, ramuka uku kowane gefe, ko minti goma ba a yi ba. Dabarar ita ce jiki in ya ga rauni sai ya hanzarta sabunta ƙashin wurin, haƙori ya samu hanya. Gaskiya na ga bambanci, gurbin da harshena ke shiga ya tsuke cikin makonni, amma daga baya abu ya koma tafiyar hawainiya, wai sai an sake. Wannan kam ba ta faɗa min ba sai da na biya, kuma shi ya fi ƙona min rai. Kwana biyu shorba da zabadi, wato miya da yogot, kawai nake sha.

Ta biyu na'urar girgiza ce, ki cije ta minti 20 kullum. Umma ta leƙo ta ganni tace "ke kuma wane irin asuwaki ne wannan mai gurnani?" Wata huɗu ina fama ban ga komai ba, yanzu tana cikin durowa. Riyalolina dai sun tafi.

Inda zan yaba mata, ta hana ni shan Brufen saboda irinsa na rage tafiyar haƙori, ta ce Panadol ya isa. Wurin tsaf, ba a ɓata lokaci, kuma hannunta da sauƙi wallahi. Sannan ranar da na ɓalle ƙarfe ɗaya da ƙashin kaza na kwashe sati uku ban je ba, ta nuna min a hoto yadda haƙorin ya fara komawa, kunya kamar in nutse.

In za ku je ku tambayi sau nawa za a yi hudar da kuɗin kowace tun kafin ku zauna a kujera. Na'urar kuwa ku bar musu kayansu. Bikin ma an yi shi da ƙarfena a baki.